Tsoffin ekstenshan a sabuwar burauza mai AI: me ke faruwa idan sun haɗu a shafi ɗaya?

Duk wanda ya sauke burauzar Comet ta kamfanin Perplexity ya buɗe ta a karon farko, tambaya ɗaya ce za ta tarye shi: kana so a kwaso maka kayanka daga Chrome? Kayan sun haɗa da shafukan da ka adana, da kalmomin sirri, da tarihin yawonka a intanet, da ekstenshan ɗin da ka ɗora wa tsohuwar burauzar. Yawancinmu dannawa muke yi mu wuce, don babu mai son ya zauna yana sake shigar da kalmar sirri ɗaya bayan ɗaya. A cikin kayan nan huɗu, na ƙarshen ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, kuma shi ne aka fi wucewa ba a duba ba.

Ekstenshan ƙaramar manhaja ce da ake ɗora wa burauza don ta ƙara mata wani aikin da ba ta zo da shi ba. Wani yana toshe talla, wani yana riƙe kalmomin sirri kamar Bitwarden da 1Password, wani yana gyara nahawun Turanci kamar Grammarly, wani fassara, wani sauke bidiyo, wani kuma VPN, wato mai ɓoye inda kake shiga intanet daga. Chrome ta fara karɓar su a 2010, kuma a ƙarshen shekarar aka buɗe kasuwarsu, Chrome Web Store. Duk wanda ya yi shekara biyar yana aiki da kwamfuta, da wuya a rasa shida ko bakwai a burauzarsa, rabinsu ma ya manta ranar da ya saka su.

Abin da ya sa waɗannan tsoffin kayan suke shiga sabbin burauzoji ba tare da gardama ba shi ne, sabuntar tasu ta fenti ce da ɗaki ɗaya da aka ƙara, harsashin ginin tsoho ne. Google ta saki Chromium a 2008 a matsayin manhajar da kowa zai iya ɗauka ya yi gini a kai. Opera ta koma kansa a 2013, Edge ta Microsoft a farkon 2020, Brave ma a kansa take. Da guguwar burauzoji masu ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta taso a 2025, duk masu shigowa nan suka nufa. Dia ta The Browser Company ta fito gwaji a watan Yuni. Comet ta fito a Yuli ga masu biyan dala 200 a wata, kafin a sake ta kyauta ga kowa a farkon Oktoba. ChatGPT Atlas ta OpenAI ta biyo baya ranar 21 ga Oktoba, a kwamfutocin Mac tukuna. Dukansu Chromium ne a ciki, shi ya sa ekstenshan ɗin da aka rubuta wa Chrome yake zama a cikinsu kamar a gidan ubansa.

To, mene ne sabon ɗakin? Abu biyu ne, kuma mutane na yawan cakuɗa su. Na farko mataimaki ne da ke zaune a gefen allo, yana karanta shafin da ka buɗe, ka tambaye shi ya taƙaita maka ko ya bayyana maka. Wannan baki kawai gare shi. Na biyu shi ne wanda zan kira ɗan aike: ka ce masa ya nemo maka tikitin jirgi mafi araha, ko ya cike fom, ko ya amsa imel, sai ya buɗe shafuka da kansa, ya danna maɓallai, ya rubuta, ya tura. Wannan yana da hannu. Kuma yana aikin ne da sunanka, a cikin asusun da ka riga ka shiga, ta yadda Gmail ko Facebook ba za su iya bambanta dannawarsa da taka ba.

Shi ma ekstenshan hannu gare shi, kuma ya riga ɗan aiken zuwa. Lokacin saka shi, wani ɗan akwati yana fitowa da jerin izinin da yake nema. Wanda aka fi nema, kuma ya fi kowanne nauyi, shi ne izinin karantawa da canza duk bayananka a duk shafukan da ka ziyarta. A lura da kalmar canzawa. Mai toshe talla ba zai yi aiki ba sai ya cire wani abu daga shafin. Mai fassara sai ya goge rubutun asali ya maye gurbinsa. Mai gyaran nahawu sai ya ga kowane harafi da ka buga. Saboda haka neman wannan izinin ba alamar mugunta ba ce, aikin ne ya gaji haka. Sai dai mabuɗin da ka ba mai shara shi ne dai mabuɗin da ke buɗe ɗakin ajiya.

Ga inda suke karo. Ɗan aiken AI ba ya ganin shafi yadda mai shafin ya aiko shi, yana ganinsa ne yadda yake a cikin burauzarka a wannan lokacin, bayan duk wani ekstenshan ya gama taɓa shi. Wani lokaci rubutun cikin shafin yake karantawa, wani lokaci hoton allo yake ɗauka ya duba. OpenAI ta ce Atlas tana dogara da alamomin ARIA, irin waɗanda manhajojin karanta wa makafi allo suke bi, don ta gane wane ne maɓalli wane ne wurin rubutu. Ta kowace hanya dai, abin da ekstenshan ya ƙara a shafi ya zama wani ɓangare na abin da ɗan aiken zai ɗauka a matsayin gaskiya.

Mafi sauƙin illar wannan ba ta da alaƙa da ɓarayi. Ka ɗauka kana da ekstenshan mai juya kowane shafi zuwa Hausa da kansa. Ka buɗe takardar sharuɗɗan wani tallafin karatu, ya fassara ta, kuma duk mun san yadda fassarar na'ura take yi wa Hausa, musamman wajen korewa da sharaɗi. Idan ka ce wa mataimakin ya taƙaita, zai iya taƙaita maka gurguwar fassarar, ya miƙo maka ita cikin tsararrun jimloli masu gamsarwa, kuskuren ya ɓuya a ciki. Gara a kashe mai fassarar, a bar mataimakin ya karanta asalin, sannan a nemi ya yi bayani da Hausa. Haka ma ɗan akwatin da manhajar kalmar sirri ke fitowa da shi a kan wurin shiga yana iya rufe maɓallin da ɗan aiken yake nema, ka ga ya tsaya yana kewaye wuri ɗaya. Waɗannan ƙananan ciwon kai ne, ana gane su da kashe ekstenshan ɗaya bayan ɗaya har a kama mai laifin.

Babbar illar tana wani wurin, kuma sai an fahimci raunin da ke jikin waɗannan manhajoji kafin a gan ta. Ɗan aiken AI yana karɓar umarninka a matsayin rubutu, yana karɓar abin da ke shafi shi ma a matsayin rubutu, duka ta kunne ɗaya. Ba shi da wata tabbatacciyar hanyar gane cewa wannan muryar maigida ce, waccan kuma takarda ce da wani ya liƙa a bango. Kamar yaron da ka aika kasuwa da kuɗi, a hanya ya tsinci takarda an rubuta a kai kuɗin nan gidan wane, sai ya juya ya kai. Ana kiran wannan cusa umarni, kuma ba tatsuniya ba ce. A watan Agustan 2025 masu binciken tsaro na Brave suka nuna yadda ake yi wa Comet: sun ɓoye umarni a cikin wani sharhi a dandalin muhawara na Reddit, irin wanda sai an danna yake bayyana. Mai amfani da burauzar bai yi komai ba illa neman a taƙaita masa shafin. Comet ta karanta umarnin, ta je ta ɗauko adireshin imel ɗinsa daga asusunsa na Perplexity, ta sa aka turo lambar shiga ta wucin gadi, ta buɗe Gmail ɗinsa ta karanto lambar, ta dawo ta rubuta duka biyun a ƙarƙashin sharhin. A watan Oktoba suka sake nuna cewa rubutu mai dusasshen launi da idon mutum ba ya kamawa a cikin hoto, na'urar tana karanta shi ta bi.

An yi ƙoƙarin toshe waɗancan ramukan da aka nuna, amma asalin matsalar tana nan, kuma kamfanonin ba su ɓoye ba. Shugaban tsaron bayanai na OpenAI, Dane Stuckey, ya faɗa a makon da Atlas ta fito cewa cusa umarni matsala ce da ba a warware ba tukuna. Anthropic, wadda ta fitar da nata ɗan aiken a siffar ekstenshan na Chrome a watan Agustan 2025 ga mutum 1,000 na gwaji, ta wallafa alƙalumanta: kafin a saka matakan kariya, kashi 23.6 cikin ɗari na hare-haren gwajin sun yi nasara, bayan an saka suka ragu zuwa kashi 11.2. Ragi ne mai yawa, amma ɗaya cikin tara ba adadin da mutum zai bar wa asusun bankinsa ba ne.

Yanzu a haɗa wannan da ekstenshan. Wanda ya ɓoye umarni a Reddit sai ya jira ka biyo ta shafin da ya ɗana tarkon. Mugun ekstenshan ba ya jiran komai, yana cikin gida, yana iya rubuta ɓoyayyen umarni a duk shafin da ka buɗe. Da ɗan gari akan ci gari. Wani zai ce ai ekstenshan mai izinin duk shafuka tun da can ma yana iya sata ba sai da AI ba, kuma gaskiya ne. Abin da ya canza ya fi shafar ekstenshan ɗin da ka yi hankali ka taƙaita shi. Chrome da 'yan uwanta suna ba ka damar cewa wannan ekstenshan a shafi kaza kaɗai zai yi aiki. A tsohuwar burauza wannan katanga ce ta gaske: wanda aka tsare a YouTube ba shi da hanyar leƙa imel ɗinka. A sabuwar kuwa, akwai wani a gidan da ke shiga kowane ɗaki, kuma yana karanta takardun da ya tsinta. Ekstenshan ɗin bai tsallake katangar ba, amma yana iya jefa wa ɗan aiken saƙo ta samanta. A ganina wannan ne ainihin sabon abu a lamarin, kuma akwatin izinin da aka tsara tun zamanin da burauza ba ta da ɗan aike bai ce komai a kansa ba.

Akwai kuma wata dabarar da ta fi wannan sauƙi. A watan Oktoban 2025 kamfanin tsaro na SquareX ya nuna cewa ekstenshan zai iya zana jabun mataimaki a gefen allo, ya rufe na gaskiyar, kamanni ɗaya har launi. Sun gwada a Comet da Atlas. Kai kana tsammanin da AI ɗin burauzarka kake magana, ka tambaye shi yadda ake sayar da kuɗin kirifto ko yadda ake girka wata manhaja, ya ba ka amsa mai kyau wadda komai nata daidai ne sai adireshi ɗaya da aka sauya zuwa shafin damfara. Yardar da ka ba mataimakin ita ake ci da ita.

Sai batun hirar kanta. Mutane suna gaya wa AI abin da ba su gaya wa aminansu ba: rashin lafiya, bashi, rikicin aure, sirrin wurin aiki. A watan Disamban 2025 masu bincike na Koi Security suka ba da rahoton cewa ekstenshan ɗin Urban VPN Proxy, mai masu amfani kimanin miliyan 6 a Chrome kuma ɗauke da tambarin yabo na kasuwar Google, yana kwashe hirarrakin da mutane ke yi da ChatGPT, Claude, Gemini, Perplexity da wasunsu. A cewarsu, an shigo da wannan aikin ne ta wata sabuntawa a watan Yulin shekarar. Wanda ya saka shi a 2023 don ya buɗe wani shafin da aka toshe, ba wannan cinikin ya yi ba. VPN na kyauta dai yana da sabobi, wato manyan kwamfutocin da yake aiki a kansu, da ake biya wa kuɗi duk wata, kuma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kalmar sabuntawa ita ce wurin da shawarar nan ta "saka wanda ka yarda da shi kawai" take yin rauni. Ekstenshan yana sabunta kansa ba tare da ya tambaye ka ba, muddin bai nemi ƙarin izini ba. Wanda ka yarda da shi yau zai iya canza hannu gobe. The Great Suspender, wanda sama da mutum miliyan 2 suke amfani da shi don rage wa kwamfuta nauyi, mai shi ya sayar da shi a 2020 ga wanda ba a sani ba, a watan Fabrairun 2021 Google ta cire shi saboda an cusa masa mugun abu. Na Cyberhaven ya fi ban tsoro, don kamfanin tsaro ne. A jajibirin Kirsimetin 2024 aka yaudari wani ma'aikacinsu da imel mai kama da na Google, wai ekstenshan ɗinsu ya saɓa ƙa'ida za a cire shi. Ya danna ya ba da izini, maharan suka ɗora gurɓataccen zubi a kasuwar, burauzoji suka sauke da kansu, ya yi kusan kwana ɗaya yana aiki. Daga baya aka gano ekstenshan fiye da 30 ne aka yi wa irin wannan, masu amfani da su kimanin miliyan 2.6. Abin da ake nema shi ne kukis, wato 'yar shaidar da shafi ke ba burauzarka bayan ka shiga, wadda duk mai riƙe da ita zai wuce ba a tambaye shi kalmar sirri ko lambar waya ba. Asusun masu talla a Facebook aka fi hara.

Game da toshe talla, wanda shi ne dalilin da ya sa da yawa suke saka ekstenshan tun farko, musamman mu da ke lissafin data, akwai labarin da ya kamata a sani. Google ta sauya dokokin rubuta ekstenshan zuwa tsarin da ta kira Manifest V3, ta fara kashe masu tsohon tsari a 2024, ta kammala a 2025. A sabon tsarin, ekstenshan ba ya tsayawa a ƙofa ya binciki duk abin da shafi ya nemi a ɗauko masa da kansa, sai dai ya miƙa wa burauza jerin dokoki ita ta zartar. Google ta ce tsaro ne, masu suka suka ce kamfanin da ke cin abinci da talla ne ya rage wa masu toshe talla ƙarfi. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne. Sakamakon dai shi ne cikakken uBlock Origin na Raymond Hill ya daina aiki a Chrome, sai ƙaraminsa uBlock Origin Lite. Burauzar da aka gina a kan Chromium tana gadon wannan hukuncin, sai in masu ita sun ɗauki wahalar riƙe tsohon tsarin, kamar yadda Brave ta yi wa wasu 'yan kaɗan. Firefox, da ba ta cikin dangin, har yanzu tana ɗaukar cikakken. Kafin ka je neman mai toshe talla a sabuwar burauza, duba saitinta, don Brave da Comet sun zo da nasu a ciki.

Wannan ya shafi sauran ma. Da yawa daga cikin ekstenshan ɗin da muka tara, aikinsu shi ne dai abin da sabuwar burauzar take alfahari da shi: taƙaita rubutu, fassara, gyara jimla, taƙaita bidiyo, saka ChatGPT a gefen sakamakon bincike. Ajiye su a Comet ko Atlas kamar ɗaukar ɗan dako ne alhali kana da mota a ƙofa, ga shi kuma kowannensu kamfani ne na daban da ke karanta shafukanka. Da ni ne, zan ƙi kwaso ekstenshan a ranar farko, in yi mako guda ina aiki, duk wanda na ji rashinsa da gaske in je in saka shi da hannuna, ina duba sunan mai shi da izinin da yake nema. Galibi abin da zai rage bai wuce manhajar kalmar sirri da wataƙila guda ɗaya ba. Wanda ya rage ɗin kuma a sa shi ya yi aiki sai an danna shi, zaɓin yana nan a shafin kula da ekstenshan. Duk wanda aka turo maka a matsayin fayil ta WhatsApp ko Telegram aka ce ka kunna yanayin masu rubuta manhaja ka loda shi, wannan ko tantancewar kasuwar bai bi ba.

Kamfanonin sun gindaya wasu iyakoki. OpenAI ta ce ɗan aiken Atlas ba ya iya saka ekstenshan, ba ya sauke fayil, ba ya taɓa sauran manhajojin kwamfuta, yana dakatawa a shafukan kuɗi sai ya tabbatar kana kallo, kuma ana iya tura shi aike ba tare da ya shiga asusunka ba. Wannan na ƙarshen ya fi sauran amfani, don yawancin aike, kamar kwatanta farashi ko tattara bayani, ba ya buƙatar asusu. Duk da haka kamfanin Gartner, mai ba manyan ma'aikatu shawara kan fasaha, ya ce a watan Disamban 2025 su toshe irin waɗannan burauzoji a wuraren aikinsu zuwa wani lokaci. Mutum ɗaya a gidansa ba sai ya kai nan ba. Ya isa ya raba gida biyu: banki, imel na aiki da asusun kirifto su zauna a tsohuwar burauza marar ɗan aike, sabuwar kuma a bar mata karatu da bincike.

Masu waya, waɗanda su ne mafi yawan masu karanta wannan, rabin maganar bai same su ba tukuna. Chrome ta Android ba ta ɗaukar ekstenshan. Firefox ta Android tana ɗauka, an buɗe mata ƙofar sosai a watan Disamban 2023, Safari ta iPhone kuma tun 2021. Kiwi, wadda 'yan harkar haƙar kirifto suka saba da ita don tana karɓar ekstenshan ɗin Chrome a waya, an daina kula da ita a farkon 2025, saboda haka duk mai walat, wato asusun ajiyar kirifto, a cikinta yana zaune ne a burauzar da ba a ƙara toshe mata rami. Ɗan aiken kuwa ya riga ya iso wayar, don Comet ta fito a Android a watan Nuwamban 2025, kuma cusa umarni ta shafi ba ya buƙatar ekstenshan ko ɗaya.

Inda abin ya fi kusa da mu shi ne kwamfutar haya: kafe, shagon buga takardu, ofis mai kwamfuta ɗaya da mutum biyar ke rabawa. A can ba kai ka saka ekstenshan ɗin ba, ba ka san wa ya saka ba, kuma nan ne ake cike fom ɗin makaranta da na neman aiki, da lambar NIN da BVN a ciki. Kafin ka buga komai, danna 'yar alamar da ke saman burauzar ta hannun dama ka ga jerin abin da aka ɗora mata. Tagar sirri ta burauzar, wadda Chrome ke kira Incognito, ita ma tana taimakawa, don ekstenshan ba sa aiki a cikinta sai wanda aka ba izini na musamman, kuma idan ka rufe ta shaidar shigarka tana gogewa.